DUKIYAR MAKARANTAR ISLAMIYYA: TA WA CE, KUMA WA KE RIƘE DA LISSAFINTA?

  

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne sha'anin kuɗi da gudanarwa a makarantu masu zaman kansu, musamman makarantun Islamiyya na wannan yanki namu na Ikara da Maƙarfi da Kudan. Magana ce da ba a cika jin ta a kan mumbari ba. Mun saba jin wa'azi a kan falalar neman ilmi da ladan wanda ya gina makaranta, amma da wuya ka ji an tsaya an yi tambaya: naira ɗari biyar ɗin da wata bazawara ta kwance daga bakin zanenta ta aiko da ita ranar Asabar, wa ya karɓe ta, a wane littafi aka rubuta ta, kuma ina ta tafi? Alhali kuwa daga Paki zuwa Saulawa, daga Gimi zuwa Gubuci, daga Hunƙuyi zuwa Likoro, da wuya ka shiga gari ba ka tarar da irin wannan makaranta ba, kuma kowaccensu kuɗin jama'a ke ratsawa ta cikinta kullum. Abin da ke kashe makaranta sau da yawa ba ƙarancin ɗalibai ba ne. Gunaguni ne da ke farawa a bakin masallaci bayan sallar Isha'i, cewa an tara kuɗin rufi tun bara amma har yanzu ajin yana zuba, kuma babu wanda zai iya fito da takarda ya kashe maganar.

Domin mu gane inda matsalar ta samo asali, sai mu waiwayi makarantar allo. A can al'amarin a fili yake. Zaure na malam ne, tabarma tasa ce, kuma kuɗin Laraba da iyaye ke aikowa da sadakar sauka hakkinsa ne halal, ya ci, ya ciyar da iyalinsa, babu mai tambayarsa lissafi domin babu dalilin tambaya. Malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan karantar da Alƙur'ani tun da daɗewa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya yi littafi sukutum a kan ladubban malamai, Adabul Mu'allimin, inda ya yi bayanin ladan malami, ya nuna cewa kuɗin hayar wurin karatu a kan malamin yake, ya hana shi ɗora wa yara wata kyauta bayan ladan da aka yi yarjejeniya a kansa, ya kuma wajabta masa daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Wato a wancan tsarin makaranta sana'ar mutum ɗaya ce, riba tasa, ɗawainiya tasa.

To, sai aka samu sabon abu. Tun daga wajen shekarun 1950 aka fara buɗe makarantun Islamiyya masu aji da benci da allon bango da jadawalin darussa, kuma Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka fara wannan a Kano. Bayan da gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai irin waɗannan makarantu suka yawaita a birni da ƙauye, domin iyaye suna son 'ya'yansu su haɗa biyu. Wannan sabuwar makaranta ba zauren mutum ɗaya ba ce. Wani ya ba da fili, matasa sun buga bulo a aikin gayya, wani alhaji ya sayi bandir biyu na kwano, mata sun tara taro da sisi, an ɗauki malamai goma ana biyan su a wata. Ginin ya sauya, manhaja ta sauya, amma a wurare da yawa hannun da ke karɓar kuɗi bai sauya ɗabi'a ba: har yanzu ana karɓa ana sakawa a aljihun gaba na riga kamar kuɗin Laraba. Hausawa kuwa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Sabili da haka tambayar farko da ya wajaba kowace makaranta ta amsa, tun kafin a sayi littafin lissafi, ita ce: makarantar nan ta wa ce? Idan ta mutum ɗaya ce, da kuɗinsa ya gina, yana karɓar lada yana biyan ma'aikata, babu laifi ko kaɗan, kasuwanci ne halal, sai dai ya faɗa wa mutane haka, kada ya ɗaga murya a masallaci yana neman taimakon "makarantar al'umma" alhali takardar fili tana cikin akwatinsa da sunansa. Idan kuma ta jama'a ce ko ta ƙungiya, ko kuwa waƙafi ce da wani ya tsayar saboda Allah, to duk wanda ke riƙe da ita wakili ne, abin da ke hannunsa amana ce, kuma wakili ana tambayarsa. Mafi yawan rigingimun da ake kaiwa gaban dagatai da hakimai da kotunan shari'a a kan makarantu suna fitowa ne daga makarantar da ta zauna tsakanin biyu: wanda ya kafa ta yana ganin tasa ce domin shi ya sha wahala, jama'a suna ganin tasu ce domin su suka tara. Muddin yana raye ana jin nauyinsa ana yin shiru. Ranar da ya koma ga Allah, sai magada su lissafa ajujuwa cikin gado, kuma ba za ka zarge su ba, tun da babu rubutun da ya ce ba na mahaifinsu ba ne.

Na san abin da wani zai ce a ransa. Zai ce, mu da muke aiki don Allah, mu da muka san juna tun yarinta, me ya kawo maganar rasit da sa hannu a tsakaninmu? Ashe wannan ba rashin yarda ba ne? Ashe ba kwaikwayon 'yan boko ba ne? 'Yan'uwa, wannan tunani ya kamata mu warware shi da hujja.

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan salla ta sauka ba, ba kuma a kan azumi ba. A kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umarni da a rubuta, a samu marubuci mai adalci, wanda ake bi bashin shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma ta hana ƙosawa da rubutawa ko abin kaɗan ne ko mai yawa. Sannan ta faɗi dalili: hakan ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi nisantar da shakka. Su wa aka fara yi wa wannan umarni? Sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutanen da babu wanda ya kai su gaskiya. Gaskiya ne jamhurin malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, Imam Ɗabari kuma ya ɗauke shi a matsayin wajibi, amma wannan saɓani a kan dukiyar mutum ta kansa ne, wadda yake da ikon yafewa. Dukiyar jama'a fa, wa ke da ikon yafe ta? A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i kuma an umarci mai riƙon maraya, wanda galibi baffansa ne ko kawunsa, da ya kafa shaidu ranar da zai miƙa masa dukiyarsa. Shaidun nan kariya ce ga marayan, kuma kariya ce ga mai riƙon.

A cikin Sunna muna da labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Manzon Allah ya tura shi karɓo zakka, da ya dawo aka zauna aka yi masa lissafi, sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa ba a ba shi aikin ba, da kyautar ba ta zo ba. Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, an yi wa sahabi lissafi, kuma ba wanda ya ce an ci mutuncinsa. Na biyu, abin da ya zo wa mutum saboda kujerar da yake kai, na kujerar ne. Shugaban makarantar da wani ɗan siyasa ya miƙa wa ambulan a wajen bikin sauka, ya tambayi kansa: ni aka ba, ko makarantar? Sayyidina Umar kuwa, wanda ya kafa diwani aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai karɓa, ya kasance yana rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, domin a san abin da ya ƙaru daga baya.

Kada kuma a ɗauka wannan tarihin Larabawa ne kawai. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki, kuma cikin ma'aikatan da ya ce lalle sarki ya samu akwai amintattu masu karɓa da kashewa, akwai kuma marubuta da masu lissafi da za su tsare abin da aka yi. Sarautar Ma'aji tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Ko da Turawa suka tsara asusun En'e, wanda aka fara a Katsina ya kuma zama tsarin Arewa a 1911, sunan Baitulmali suka tarar suka ɗora masa. Manyan makarantun Musulunci ma, irin su Nizamiyya ta Bagadaza da aka buɗe a 1067, sun rayu ne a kan waƙafi mai rubutacciyar takarda da nazirin da ake tambaya. Saboda haka wanda ya ce rubuta lissafi baƙon abu ne, tarihinsa ne bai karanta ba. Kuma abin kunya ne a ce yankin da ya fitar da akanta ya yi gwamnan jiha shekara takwas, wato Ahmed Muhammad Maƙarfi daga 1999 zuwa 2007, yankin da ke maƙwabtaka da Jami'ar Ahmadu Bello, a ce makarantunsa sun rasa wanda zai ja layi a littafi ya raba shiga da fita.

Yanzu bari mu sauko kan aikin kansa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar duk kuɗin da ya shigo makaranta a matsayin abu guda. Ba guda ba ne a shari'a. Kuɗin makaranta da uba ya biya lada ne na karatun ɗansa, ana iya biyan albashi da shi, a sayi alli, a gyara benci. Gudummawar da aka nema da sunan gina aji kuwa tana ɗaure da sharaɗin wanda ya bayar, ba ya halatta a karkatar da ita zuwa albashi sai an koma an nemi izini, ko da kuwa malamai suna bin wata biyu. Kuɗin jarrabawa da ɗaliban aji shida na sakandare ke biya domin WAEC ko NECO ko NBAIS ajiya ce tsantsa, wucewa kawai za ta yi ta hannun makaranta. Shugaban da ya taɓa ta da niyyar zai mayar kafin a rufe rajista, ya sani cewa da shekarar yaro guda yake caca. Sai zakka, wadda ita ce mafi hatsari. Allah da kansa ya ƙayyade masu cin ta gida takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a gina masallaci ko makaranta da ita. Idan manomi ya kawo buhun zakkarsa makaranta, hanyar da ta kuɓuta ita ce a mallaka wa iyalan ɗalibai matalauta da marayu mabuƙata, a rubuta sunan wanda aka ba da ranar da aka ba shi. Wanda ya zuba waɗannan kuɗaɗe huɗu a jaka ɗaya, ko da bai ci ƙwandala ba, ya riga ya shiga hakkin mutane, domin ba zai iya rantsuwa cewa kowanne ya tafi inda mai shi ya nufa ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da yankinmu. Mu manoma ne. Arzikin Maƙarfi da Kudan rake ne da mazarƙwaila, na Ikara tumatir da barkono da masara, kuma kuɗin manomi ba wata-wata yake zuwa ba. Yana zuwa da kaka, da lokacin saran rake, da lokacin da kayan lambu suka yi daraja. Zangon karatu na uku kuwa yana faɗawa daidai lokacin da kowane magidanci ke neman kuɗin taki da na noma, rumbu kuma ya yi ƙasa. Makarantar da ba ta da rubutu tana ganin yalwa a watan Disamba sai ta ɗauka ta yi arziki, a yi fenti, a yi walima, a ɗinka wa 'yan fareti kaya, sannan a watan Yuni a rasa albashi. Kasafin makarantar ƙauye na shekara ake yin sa, rarar kaka ita ke ciyar da damina. Haka kuma uban da ya biya da tiya goma ta masara ko buhu guda, a ba shi rasit kamar wanda ya biya da naira, a rubuta farashin kasuwa na wannan rana, ranar da aka sayar kuma a rubuta abin da aka samu. Hatsin makaranta ya fi kuɗinta saurin ɓacewa, domin ba wanda ke jin nauyin ɗibar kwano ɗaya.

Bari mu ƙaddara wata makaranta, misali kawai, domin mu ga abin da lissafi ke tonawa. Ɗalibai 300, an yafe wa marayu 40, saura 260, kowanne yana biyan naira 3,000 a zango. A zango guda naira 780,000 ke nan, a shekara 2,340,000. Malamai goma, kowanne naira 15,000 a wata, a shekara 1,800,000, domin cikin malami ba ya tafiya hutu. Abin da ya rage 540,000, shi ne na alli da rajista da tabarmi da gyaran rufi da maigadi. Wannan fa idan kowa ya biya. Idan ɗaya cikin biyar bai biya ba, an rasa 468,000, abin da ya rage wa makarantar a shekara sukutum naira 72,000 ne. Mutanen gari suna ganin yara 300 suna fitowa da yamma, suna ninkawa a ka, suna cewa shugaban makaranta ya yi kuɗi. Shi kuwa bawan Allah wataƙila daga gonarsa yake cikawa. Da an karanta wa iyaye waɗannan alƙaluma, da wanda yake zargi ya ji kunya, da wanda yake bin bashin zango biyu ya gane cewa abincin malamin ɗansa ya riƙe. Ga wanda yake da gaskiya, littafi shi ne babban lauyansa.

Tun da mun taɓo albashi, bari in tsaya a nan kaɗan, domin a nan ne zaluncin da ba a kira da sunansa yake. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Dokar 2019 ta ɗauke wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba wannan wajibi, don haka yawancin makarantunmu ba su shiga ciki ba. Amma albashin da muka ƙaddara a misalinmu bai kai rubu'in 70,000 ba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da kuɗin babur da na kwanon masara suka zama. Idan makaranta ba za ta iya biyan mai yawa ba, wannan uzuri ne. Abin da ba uzuri ba shi ne a ɗauki malami ba a faɗa masa nawa za a ba shi ba, a ce masa "ai aikin Allah ne, za a riƙa ganin abin da ya sawwaƙa." Ijara da ladan da ba a sani ba ɓatacciya ce a fiƙihu, kuma Sunna ta yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci hakkinsa. Kowane malami da malama a ba su takarda: ga aikinka, ga ladanka, ga ranar biya. A yi littafin albashi kowa ya sa hannu. Idan an gaza biya, a rubuta cewa bashi ne a kan makaranta, kada a bar shi ya narke cikin "Allah ya ba da lada." Lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malaman makarantu masu zaman kansu sun yi watanni babu ko sisi, kuma makarantar da ba ta da ajiya ba ta da abin da za ta miƙa musu. Wanda ya ga wannan bai kamata a sake yi masa wa'azin ware wani abu a gefe ba.

Shi kansa shugaban makaranta, ko wanda ya kafa ta, a yanka masa albashi sananne. Wasu suna ganin tsantseni ne su ce ba sa karɓar komai, amma sai ka tarar cefanen gida da kuɗin mai da na asibiti duk daga jakar makaranta suke fita ba adadi. Sayyidina Abubakar da aka naɗa shi halifa ya nufi kasuwa domin neman abincin iyalinsa, sahabbai suka yanka masa abin da zai ishe shi daga Baitulmali. Abin da aka yanka aka rubuta ya fi tsarki a kan abin da ake ɗiba a ce ba a karɓa.

Game da wanda zai riƙe kuɗi, Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, siffa biyu ya ambata wa kansa, tsarewa da sani. Mu kan duba ta farko mu manta da ta biyu, mu zaɓi dattijo mai tsoron Allah wanda bai iya haɗa lissafin shafi guda ba, mu jefa shi cikin fitina. A haɗa shi da matashi wanda ya iya. Kuma kada hannu ɗaya ya karɓa, ya rubuta, ya ba da izinin kashewa. Akawu ya karɓa da rasit mai lamba mai kwafi, ma'aji ya kai banki, shugaba da wani ɗan kwamiti su sa hannu kafin a fitar. Asusun kuwa ya kasance da sunan makaranta. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 iyaye da yawa suka saba tura kuɗi ta waya ko ta wurin masu POS, kuma a makarantu da dama lambar asusun shugaba ce ake bayarwa, sai kuɗin ɗalibai da kuɗin rakensa su cakuɗe a alat guda, shi kansa ba zai iya rabewa ba. Wanda ke ƙyamar bankin ruwa ba shi da hanzari yanzu, domin bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012 kuma Kaduna tana cikin rassansa na farko, wasu bankunan marasa ruwa sun biyo baya. Gwamnatin jihar nan ma ta tattara asusunta wuri guda a 2015, ta kuma hana jami'anta karɓar haraji hannu da hannu a dokar 2016. Ba don ta fi mu tsoron Allah ba, sai don an gane cewa tsabar kuɗi a hannu jarrabawa ce.

Sau ɗaya a shekara, a samo mutum biyu da ba sa cikin kwamiti, ɗaya daga iyaye, ɗaya wanda ya san aikin akanta, su bi rasit da takardar banki da littafi su ga ko sun yi daidai. Sannan a tara iyaye a karanta musu da Hausa, a manna kwafi a bango. Iyaye mata ma a nemi hanyar da za a karanta musu, domin kaso mai yawa na kuɗin Islamiyya daga sana'ar cikin gida yake fitowa, daga ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da kiwon awaki. Wanda aka gyara wa kuskure kada ya ɗauka an tozarta shi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saura maganar takardu. Makarantar jama'a ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, domin ta zama tana iya mallakar fili da buɗe asusu da sunanta, mutuwar mutum ɗaya ko saɓanin mutum biyu ba za su rushe ta ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta zo da sashe na 839, wanda ya ba hukumar ikon dakatar da amintattun ƙungiya idan an samu almundahana, da wasu sassa da suka wajabta ajiye littattafan lissafi da kai rahoto. Ƙungiyoyin addini, na Musulmi da na Kirista, sun yi ta ƙorafi a kai, kuma a 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta soke wannan sashe da wasu da ke biye da shi. Ƙorafin yana da fuska, domin ba mai son hukuma ta naɗa wa masallacinsa ko makarantarsa shugaba. Amma wanda ba ya son baƙo ya shigo ya share masa ɗaki, sai ya share da kansa. Haka nan a nemi amincewar hukumar jiha mai kula da ingancin makarantu, musamman ga makarantar da ke haɗa boko, domin kada yara su kai aji shida a tarar ba a san da zamansu ba.

Fili kuwa, idan wanda ya bayar yana raye, a je masa a wannan mako. A rubuta cewa ya bayar waƙafi, a faɗi iyakokinsa gabas da yamma, kudu da arewa, ya sa hannu, manyan 'ya'yansa su sa, mai unguwa da dagaci da liman su shaida, sannan a bi hanyar samun takardar mallaka daga hukumar KADGIS da sunan amintattu. Idan ya riga ya rasu, a zauna da magada tun ana ga-maciji, tun waɗanda suka ji da kunnensu suna raye. A yi kwafi uku, ɗaya a makaranta, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin liman. A cikin takardar a rubuta abin da za a yi da ginin idan wata rana makarantar ta tsaya, da wanda ke da ikon naɗa sabon kwamiti idan na yanzu ya watse. Ranar da kwamiti ya sauka kuma, a miƙa wa sabo littattafai da ragowar rasit da makullai da jerin bencina da bashin da ake bin makaranta da wanda take bi, duka ɓangarorin su sa hannu a gaban shaidu.

Allah ya ba mu ikon sauke abin da muka ɗauka.